Gidauniyoyin Agaji da Aƙidar Siyasa: Yadda Kuɗin Kyauta Ke Tsara Manufofin Jama'a

A shekarar 1910, John D. Rockefeller, wanda a lokacin babu mai dukiyarsa a Amurka, ya nemi majalisar dokokin ƙasar ta ba shi izinin kafa gidauniyar da za ta yi aikin kyautata rayuwar bil'adama a ko'ina cikin duniya. Mai karatu na yau zai ɗauka da hannu bibbiyu aka karɓi wannan tayi, amma sai da aka shafe shekara uku ana kai ruwa rana. Tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya ce babu yawan sadakar da za ta wanke hanyar da aka bi wajen tara irin wannan dukiya, shugabannin ƙwadago kuma suka ce da attajirin ya ƙara wa ma'aikatansa albashi da ya fi. Domin a kwantar da hankalin 'yan majalisa, wakilan Rockefeller sun amince da sharuɗɗan da a yau babu gidauniyar da za ta yarda da su: kada jarin ya wuce dala miliyan 100, a ba da damar rarraba shi gaba ɗaya bayan wasu shekaru, sannan shugaban ƙasa da babban alƙali da shugabannin majalisa da na wasu jami'o'i su sami ikon ƙin amincewa da duk wanda za a naɗa cikin amintattu. Duk da haka ƙudurin ya mutu a Majalisar Dattawa. A 1913 sai Rockefeller ya juya ga majalisar jihar New York, ita kuwa ta ba shi takardar izini ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗancan sharuɗɗa ba.

Ba a yi nisa ba sai ga abin da masu adawa suke gudu ya bayyana. A watan Afrilun 1914 aka kashe mutane kusan ashirin, cikinsu da mata da yara, a sansanin masu yajin aiki na Ludlow da ke jihar Colorado, inda iyalan Rockefeller suke da iko da kamfanin haƙar kwal. A cikin shekarar nan sabuwar gidauniyar ta ɗauki Mackenzie King, wanda daga baya ya zama firaministan Kanada, domin ya yi nazarin dangantakar ma'aikata da masu kamfani. Mutane suka tambaya: wannan aikin jinƙai ne, ko kuwa wanke sunan maigida ne da kuɗin da aka ce na jama'a ne? Wannan tambaya ta shekara ɗari da ɗoriya ita ce har gobe ake yi wa kowace babbar gidauniya, sunaye kawai ke sauyawa.

Kafin a shiga batun aƙida, ya kamata a fahimci yadda gidauniya take aiki, domin ta bambanta da sadakar da mutum ke miƙa wa mabuƙaci hannu da hannu. Mai kafa ta yana ware dukiya, galibi hannun jarin kamfani, ya danƙa wa kwamitin amintattu. Su kuma su juya dukiyar a kasuwa, su riƙa raba wani ɓangare na ribar ga ƙungiyoyi da jami'o'i da cibiyoyin bincike. A Amurka, inda aka fi samun manyan gidauniyoyi, doka ta wajabta wa gidauniya mai zaman kanta ta kashe kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarta kowace shekara, kuma idan ribar jari ta haura wannan kaso, to gidauniyar za ta iya rayuwa har illa ma sha Allahu, tana ma ƙara girma. Sai kuma batun haraji, wanda shi ne tushen gardamar gaba ɗaya. Tun 1917 dokar Amurka take rage wa mai kyauta haraji, ta yadda attajirin da ke biyan kaso mafi yawa zai iya samun rangwamen da ya kai kusan sulusin abin da ya bayar, kuma idan hannun jari ya bayar, ya tsira daga harajin ribar da jarin ya tara. Ma'ana, a cikin kowace dala da gidauniya ta kashe akwai rabon baitulmali da aka yafe, wato jama'a sun yi tarayya a biyan kuɗin alhali ba a shawarce su kan inda za a kai shi ba.

Ɗan siyasa yana tsoron ranar zaɓe, ɗan kasuwa yana tsoron kada masu saye su guje shi, amma amintattun gidauniya su suke naɗa magadansu, kuma waɗanda suka fi kowa sanin kurakuransu, wato masu karɓar tallafi, su ne suka fi kowa dalilin yin shiru. Wannan 'yanci shi ne alfanun gidauniya, domin da shi take iya haƙurin shekara ashirin a kan binciken da gwamnati ba za ta jira ba, kamar yadda ɗakin gwajin Rockefeller ya samar da allurar riga-kafin zazzaɓin shawara a 1937, aikin da ya ba Max Theiler lambar Nobel a 1951. Shi ne kuma hatsarinta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka aƙida tana shiga aikin agaji ne kawai idan gidauniya ta goyi bayan jam'iyya. Tana shiga tun daga lokacin da mai bayarwa ya yanke shawarar mene ne matsalar. Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe na Amurka, ya fito da wannan fili a maƙalarsa ta 1889 kan dukiya, inda ya ce wanda ya mutu da arziki ya mutu cikin abin kunya, maganar da har yau ake yabonsa a kanta. Abin da ba a cika ambata ba shi ne sauran hujjar tasa: yana ganin taruwar dukiya a hannun 'yan tsiraru alheri ne ga al'umma, yana ganin raba kuɗi ga matalauta kai tsaye lalata su yake yi, kuma yana ganin attajiri ya fi talakawa sanin yadda za a kashe kuɗin domin amfanin kansu. Saboda haka ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500, waɗanda suka amfanar da miliyoyin mutane, amma a 1892 kamfaninsa ya murƙushe yajin aikin ma'aikatan Homestead da suka ƙi a rage musu albashi. Babu tufka da warwara a tsakanin abubuwan nan biyu a wurin Carnegie. Wanda ya yi imani cewa rashin ilimi da rashin himma ne ke jawo talauci zai gina ɗakin karatu. Wanda ya yi imani cewa ƙarancin albashi ne zai tallafa wa ƙungiyar ƙwadago. Dukansu masu jinƙai ne a idon kansu, dukansu kuma sun riga sun ɗauki matsayi na siyasa kafin su sa hannu a takardar banki.

Wannan al'amari ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. Tarihin Musulunci yana da tsarin waƙafi, wanda ya ɗauki nauyin makarantu da asibitoci da hanyoyin ruwa tsawon ƙarnoni, kuma malaman fiƙihu suna da ƙa'idar da ke cewa sharaɗin mai waƙafi kamar nassin shari'a yake, wato abin da ya rubuta shi za a bi ko bayan ya daɗe a kabari. Masu mulki sun gane ƙarfin da ke cikin wannan ƙa'ida. Fatimiyawa sun gina masallacin Azhar a Alƙahira tsakanin 970 da 972, ya zama cibiyar koyar da aƙidarsu ta Isma'iliyya. Wazirin daular Saljuƙawa, Nizamul Mulk, ya buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1067 da waƙafin da ya tanadi koyar da mazhabar Shafi'iyya, kuma a nan ne Imam Gazali ya koyar. Makarantun nan su suka riƙa fitar da alƙalai da ma'aikatan daula masu aƙidar Sunna a daidai lokacin da ake gogayya da Fatimiyawa. Salahuddin ma, da ya kawo ƙarshen mulkinsu a Masar a 1171, makarantun waƙafi ya yi ta ginawa domin sauya alƙiblar ƙasar. A gefe guda kuma, waƙafi ne ya ba malamai da yawa damar cin abincinsu ba daga hannun sarki ba, har su iya faɗa masa gaskiya, shi ya sa gwamnatocin zamani suka yi maza suka ɗora hannu a kansa, Turkiyya a 1924, Masar kuma bayan juyin mulkin 1952, kafin dokar 1961 ta mayar da Azhar ƙarƙashin gwamnati.

Misalin da ya fi nuna yadda aƙida ke ɓuya a cikin aikin da ake ɗauka na kimiyya ne zalla shi ne juyin juya halin noma na ƙarnin da ya wuce. Gidauniyar Rockefeller ta fara shirin inganta irin alkama da masara a Meksiko a 1943, inda Norman Borlaug ya samar da gajeren irin alkama mai yawan yabanya, sannan a 1960 ita da gidauniyar Ford suka kafa cibiyar binciken shinkafa a Filifin, wadda ta fitar da irin IR8 a 1966. Amfanin gona ya ninka a Indiya da Pakistan, yunwar da ake hasashe ba ta auku ba, Borlaug kuma ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Babu mai adalcin da zai raina wannan aiki. To amma lokacin yaƙin cacar baka ne, China ta koma hannun 'yan gurguzu a 1949, kuma babbar tambayar da ke gaban ƙasashen Asiya da Latin Amurka ita ce ko za a ƙwace gonaki daga manyan masu filaye a raba wa talakawa. Sabon iri ya ba da wata hanyar ciyar da jama'a ba tare da an taɓa mallakar fili ba, kuma shugaban hukumar agajin Amurka William Gaud bai ɓoye ba a 1968, da ya kira shi koren juyi domin bambanta shi da jan juyin Tarayyar Sobiyet. Irin yana son takin zamani da ban ruwa da bashi, saboda haka manomin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa ya fi saurin cin moriyarsa. Masu binciken ba 'yan siyasa ba ne, amma zaɓin a sa kuɗi a kan iri a bar batun fili zaɓi ne na aƙida.

A waɗancan shekaru har ƙazamar hanya an bi: a 1967 ta tabbata a bainar jama'a cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta daɗe tana bi ta wasu gidauniyoyi na bogi tana ɗaukar nauyin mujallu da tarukan marubuta masu adawa da gurguzu. Tun daga nan zargin ya manne wa kowace gidauniyar waje, mai laifi da marar laifi.

A cikin gida kuwa, zargin kishiyar wannan ne. Kwamitocin majalisa na Cox a 1952 da na Reece a 1953 zuwa 1954 sun binciki manyan gidauniyoyi bisa tuhumar cewa suna renon ra'ayin gurguzu, abin da ke da ban dariya idan aka tuna daga ina dukiyar ta fito. Rikicin ya kai ƙololuwa bayan McGeorge Bundy ya karɓi shugabancin gidauniyar Ford a 1966, ya karkata akalarta ga fafutukar 'yancin baƙaƙen fata da kafa ƙungiyoyin lauyoyi masu kai gwamnati ƙara. A 1967 Ford ta ba wata ƙungiya tallafin da aka yi amfani da shi wajen yi wa masu zaɓe rajista a birnin Cleveland, kuma a shekarar Carl Stokes ya ci zaɓen magajin gari da 'yar tazara kaɗan, ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa ya shugabanci babban birni a ƙasar. Daga baya aka gano Ford ta ba wasu mataimakan marigayi Robert Kennedy tallafin tafiye-tafiye. 'Yan majalisa suka fusata, suka zartar da dokar haraji ta 1969, wadda ta hana gidauniyoyi kamun ƙafa a majalisa kan ƙudurori, ta ƙuntata aikin rajistar masu zaɓe, ta tilasta kashe wani kaso kowace shekara, ta kuma ɗora haraji kaɗan a kan ribar jari. An ma kawo shawarar a rufe kowace gidauniya bayan shekara 40, amma ba ta wuce ba.

Dokar ta rufe ƙofar kamun ƙafa, ta bar ta tunani a buɗe, kuma masu ra'ayin riƙau su suka fi kowa gane abin da hakan ke nufi. A 1973 aka kafa cibiyar nazarin manufofi ta Heritage da kuɗin Joseph Coors, a 1977 kuma cibiyar Cato da kuɗin Charles Koch. A ƙarshen 1976 Henry Ford na Biyu ya ajiye kujerarsa a kwamitin gidauniyar da kakansa da mahaifinsa suka kafa, yana ƙorafin cewa tsarin jari-hujja ne ya haife ta amma da wuya a ga ta san da hakan a ayyukanta. John M. Olin, mai kamfanin harsashi da sinadarai, ya ɗauki darasi: ya umarci amintattunsa su cinye dukiyar gidauniyarsa cikin zamanin tsara ɗaya bayan mutuwarsa, kada ta faɗa hannun waɗanda ba su san shi ba. Ya rasu a 1982, gidauniyar ta rufe a 2005 bayan ta kashe kimanin dala miliyan 370, kuɗin da bai kai abin da Ford ke rabawa a shekara guda a wancan lokaci ba. Amma a duba inda aka sa shi. An kafa shirye-shiryen nazarin doka ta mahangar tattalin arziki a manyan makarantun lauyoyi irin su Harvard da Yale da Chicago, inda ake koya wa ɗalibi ya auna kowace ƙa'idar gwamnati da ma'aunin riba da asara. An tallafa wa bitocin da farfesan doka Henry Manne ya riƙa shirya wa alƙalan tarayya tun 1976, inda ɗaruruwansu suka zauna suka saurari darussan tattalin arziki daga bakin mutane irin su Milton Friedman. An kuma rene ƙungiyar ɗaliban lauya ta Federalist, wadda aka kafa a 1982, aka biya mata kuɗin ofis da na taro shekara da shekaru ba tare da an nemi sakamakon gaggawa ba. A yau mafi yawan alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suna da alaƙa da wannan ƙungiya, kuma su ne suka soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki a 2022.

Ko mutum ya so wannan sakamako ko ya ƙi shi, dabarar tana da abin koyo. Kuɗin yaƙin neman zaɓe yana ƙarewa ranar da aka ƙirga ƙuri'a, amma kujerar farfesa tana fitar da ɗalibai shekara talatin, kuma su ne za su rubuta dokoki su yanke hukunci. Olin bai karya doka ko ɗaya ba, bai goyi bayan ɗan takara ba, a takarda duk abin da ya yi tallafin ilimi ne. A ganina wannan shi ne ya tona raunin layin da doka ta ja tsakanin agaji da siyasa: an tsare ranar zaɓe, an bar shekarun da ke gabanta, alhali a cikinsu ake yanke abin da 'yan takara za su ɗauka mai yiwuwa ne.

A 'yan shekarun nan ma attajirai sun fara kauce wa tsohon tsarin gidauniya dungurungum. Mark Zuckerberg da Priscilla Chan sun kafa nasu shirin a 2015 a matsayin kamfani, domin su sami damar ba da tallafi da zuba jari da kamun ƙafa duk a lema ɗaya. A 2021 wani attajirin Chicago, Barre Seid, ya miƙa kamfaninsa ga wata ƙungiya da Leonard Leo, jigo a Federalist, ke jagoranta, aka sayar da shi a kan kusan dala biliyan 1.6. A 2022 Yvon Chouinard ya miƙa kashi 98 cikin ɗari na kamfanin tufafi na Patagonia ga wata ƙungiyar kare muhalli mai rajista irin wannan, wadda doka ta ba ta damar shiga harkar siyasa. Seid da Chouinard kowanne ya kauce wa harajin da zai biya da ya sayar da kansa. Jaridun da suka yi tir da Seid su suka yaba Chouinard, na ɗaya ɓangaren kuma suka yi akasin haka, abin da ke nuna cewa yawancin masu suka ba tsarin ne ke damunsu ba, mai cin moriyarsa ne.

Jamus ta bi wata hanya dabam, ta fito da abin fili. Kowace babbar jam'iyya tana da gidauniyar da ke kusa da ita: Friedrich Ebert ta jam'iyyar SPD, Konrad Adenauer ta CDU, Friedrich Naumann ta masu sassaucin ra'ayi, Heinrich Böll ta masu rajin muhalli, Rosa Luxemburg ta masu ra'ayin gurguzu. Mafi yawan kuɗinsu daga kasafin tarayya yake fitowa, gwargwadon ƙarfin jam'iyya a zaɓuka, don haka duk wanda ya karɓi tallafinsu ya san aƙidar da ke bayansa. Ba ƙaramin tasiri suka yi ba: a wata cibiyar gidauniyar Ebert da ke Jamus aka kafa jam'iyyar 'yan gurguzu masu sassauci ta Portugal a 1973, shekara guda kafin faɗuwar mulkin kama-karya a can. Fitowa fili dai bai kare su daga fushin gwamnatoci ba, domin a Disamban 2011 jami'an Masar sun kai samame ofishin gidauniyar Adenauer a Alƙahira, Rasha kuma ta rufe ofisoshinsu a 2022.

Babu sunan da ya fi na George Soros, attajirin Amurka haifaffen Hungary, jan hankali a wannan fage. Ya buɗe gidauniyarsa a Hungary a 1984, kuma cikin ayyukanta na farko akwai raba injinan kwafin takardu ga ɗakunan karatu da jami'o'i, a ƙasar da gwamnatin gurguzu ke kulle irin waɗannan injina domin kada rubutu ya yaɗu ba da izininta ba. Ɗaya daga cikin matasan da suka sami tallafin karatunsa zuwa Oxford a 1989 shi ne Viktor Orbán, wanda bayan ya zama firaminista ya mayar da Soros babban abokin gabar gwamnatinsa, har gidauniyar Open Society ta kwashe ofishinta daga Budapest zuwa Berlin a 2018, jami'ar da Soros ya kafa a 1991 kuma ta koma Vienna a 2019. Rasha ta riga ta haramta gidauniyar tun 2015, Indiya kuma ta ƙara tsaurara dokar karɓar kuɗin waje a 2020, bayan ta soke lasisin dubban ƙungiyoyi. Hujjar waɗannan gwamnatoci ba fanko ba ce, domin kowace ƙasa tana da haƙƙin sanin wanda ke biyan masu neman sauya dokokinta, kuma Soros bai taɓa ɓoye cewa yana da aƙidar da yake yaɗawa ba. Sai dai idan aka duba waɗanda takunkumin ya fi shafa, za a tarar 'yan jarida masu bankaɗo almundahana ne da lauyoyin fursunoni, yayin da gidauniyoyin da ke yabon mai mulki suke samun kuɗin gwamnati a yalwace. A Hungary ɗin ma an miƙa jami'o'in gwamnati da dama ga wasu gidauniyoyi da aka cika kwamitocinsu da na kusa da jam'iyyar Orbán. Ga shi kuma wani ɓangare na farfagandar da ake yi kan Soros, wanda Bayahude ne, tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa ce aka sake wa riga.

Gidauniyar Gates, wadda aka kafa a 2000, ita ce mafi wuyar sha'ani, domin ba ta jingina kanta da kowace jam'iyya, harshenta na alƙaluma ne: rayuka nawa dala ɗaya za ta ceta. Da alƙawarin dala miliyan 750 da ta yi aka kafa ƙawancen riga-kafi na Gavi, wanda ya taimaka aka yi wa yara sama da biliyan ɗaya allura, kuma tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin yaƙi da shan inna, cutar da ke kama kimanin yara 350,000 a shekara a 1988, wadda a yanzu asalin ƙwayarta ya rage a Afganistan da Pakistan kaɗai. Amma aunawa da alƙaluma ita ma aƙida ce, tana fifita abin da za a iya ƙirgawa, allura da gidan sauro, a kan abin da ba ya ƙirguwa cikin sauƙi, kamar albashin ungozoma da tsarin haraji da zai sa ƙasa ta ɗauki nauyin asibitocinta. Gidauniyar ta daɗe tana cikin manyan masu ba Hukumar Lafiya ta Duniya kuɗi, kusan kashi goma cikin ɗari na kasafinta a wasu shekaru, kuma kuɗin a ɗaure yake da ayyukan da ita ta zaɓa, lamarin da ke karkatar da hukumar da ƙasashe sama da 190 suka mallaka zuwa inda mai bayarwa yake so. A 2008 ta fito fili cewa shugaban sashen zazzaɓin cizon sauro na hukumar, Arata Kochi, ya rubuta wa shugabarsa takarda yana gargaɗin cewa yawan masana da ke cin abinci daga tushe ɗaya yana sa da wuya a sami wanda zai duba aikin ɗan'uwansa ba sani ba sabo.

Wannan gargaɗi ya shafi duk masu karɓar tallafi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a cika ba ƙungiya umarni kai tsaye ba. Abin da ke faruwa shi ne jami'in da ke rubuta takardar neman tallafi yana karanta manufofin gidauniya, ya sauya kalmominsa, a shekara ta gaba ya sauya aikin, bayan shekara biyar kuma ƙungiyar da aka kafa domin fafutuka ta zama mai shirya bita da rubuta rahoto. MacKenzie Scott, tsohuwar matar Jeff Bezos wanda ya kafa kamfanin Amazon, ta gwada wata hanya tun 2020, inda ta raba sama da dala biliyan 19 zuwa ƙarshen 2024 ba tare da gindaya sharaɗin yadda za a kashe ba. Hakan ya sassauta wa masu karɓa ƙwarai, sai dai zaɓen wanda zai samu yana nan a hannunta da na masu ba ta shawara, kuma jerin ƙungiyoyin da ta zaɓa yana nuna inda zuciyarta ta karkata.

Saura batun tsawon rai, wanda majalisar Amurka ta so ta iyakance a 1910 da 1969 ba ta yi nasara ba. Julius Rosenwald, wanda ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 domin yaran baƙaƙen fata a kudancin Amurka, ya ƙi yarda matacce ya riƙa juya rayayyu, asusunsa kuma ya rufe a 1948. Chuck Feeney ya raba kimanin dala biliyan 8, ya rufe gidauniyarsa a 2020. A watan Mayun 2025 Bill Gates ya sanar cewa tasa za ta kashe kusan dala biliyan 200 ta rufe a ƙarshen 2045. Rufewa da wuri tana magance matsalar hannun matacce, amma tana ƙara nauyin hannun mai rai, tunda kuɗin da za a shimfiɗa a ƙarni guda za a zuba shi cikin shekara ashirin. Sanarwar ta zo ne a shekarar da gwamnatin Amurka ta rusa hukumar agajinta ta USAID, ta kuma ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, yayin da Birtaniya da Jamus da Faransa suke rage kasafin tallafinsu na waje. Gates da kansa ya ce babu gidauniyar da za ta iya cike wannan giɓi, kuma alƙaluma suna bayansa, domin abin da USAID take sarrafawa a shekara kafin a rusa ta ya ninka kasafin gidauniyarsa sau huɗu ko fiye. Amma duk lokacin da gwamnatoci suka ja da baya, kason 'yan tsirarun masu bayarwa a abin da ya rage yana ƙaruwa, kuma ministocin lafiya na ƙasashe matalauta, waɗanda a da suke da ƙofofi da yawa da za su ƙwanƙwasa, a kwamitocin amintattu ƙalilan za su riƙa jiran amsa kan wace cuta za a sa a gaba a kasafin baɗi.